Babur a cikin buhun gero

Shekarun da kuɗin fetur suka shigo ƙasar nan, kowane matashi a Jibiya ya sayi sabon babur ɗan Japan mai ƙyalli. Ni kuwa, da ban wuce aji biyu a elemantare ba, sai zuciyata ta maƙale wa wani tsohon babur ɗan Faransa da na gani jingine a zauren taubashina a Maraɗi. Baƙi ne, tankinsa kamar cikin akuya mai juna biyu, sirdinsa na fata mai kauri. Wani Baturen kamfanin gyaɗa ya bar shi da zai tafi gida.

Taubashin nan nawa direban babbar mota ne, ɗan ƙanwar mahaifina, kuma tun muna yara bai taɓa ba ni ko goro ba sai da mugunta a ciki. Da ya ga ina shafa tankin sai ya ce, "Bawana, ɗauka, na ba ka."

Na ce, "Mi ya lalace a ciki?"

"Babu. Hau ka tahi. Amma yau za ka ƙetara iyaka da shi, kada ka kwana." Ya daddaɓa sirdin da tafin hannu, ya yi wani murmushi da na sani.

Na hau. Yana tari yana tafiya. Tun ban bar gari ba na fara lissafin abin da ke ƙarƙashina. Turaren da aka hana shigowa da shi? Ƙwayoyi? Don me sai yau? Idan 'yan duwan, wato kwastan na Nijar, suka samu wani abu, babur ya tafi, ni ma na kwana a bayan kanta, shi kuma ya samu labarin da zai yi ta bayarwa a kowane taron suna.

Sana'ata hatsi, kuma ɗan hatsi ba ya yarda da bakin buhu. Kullum akwai bututun ƙarfe mai tsini a aljihuna, wanda muke soka wa buhu a tsakiya mu ga ko an cusa ƙaiƙayi. Ana hango shingen duwan na tsaya gindin wata bishiyar bedi, na soka wa sirdi. Gashin doki ya fito. Na soka ta gefe, gashin doki. Na farke shi gaba ɗaya. Na kwance fitila, na leƙa tanki, na sa kara ina motsawa.

Ina durƙushe na ga takalmi a gabana. Jandarma ne, dogo, yana taunar goro.

"Malam, mi kake ɓoyewa?"

"Ranka ya daɗe, nema nake."

"Neman mi?"

"Wallahi ban sani ba."

Ya kira abokan aikinsa. Ban ga laifinsu ba, ko ni na ga mutum yana yanka sirdinsa a bakin iyaka, kama shi zan yi. Suka tura babur har ƙofar ofis, suka kirawo wani bakanike, aka shiga kwancewa. Taya, salansa, kafireta, har sarƙa sai da aka ja ta a ƙasa. Babban nasu yana ta tambayata wa ya aiko ni. Na ce taubashina ne ya ba ni kyauta. Ya ce, "Kyautar taubashi? Ku fasa injin ma."

La'asar sakaliya suka gaji. Ba su samu komai ba sai gidan zanzaro a bayan lamba. Babban ya dube ni kamar ni na cuce shi, ya ce in kwashe tarkacena. Wani ɗan dako ya ara mini buhunan gero, muka ɗura tarkacen a ciki, muka ɗora wa jaki.

A ɓangarenmu ɗan kwastan ya taɓa buhu ya ji ƙarfe. "Mene ne wannan?"

"Babur."

Ya buɗe, ya rufe, ya ce, "Allah ya ba shi lafiya."

Rani guda na yi a bayan gida da tabarma da kwanon kananzir, ina wanke ƙarfe ina gwada wanne ke shiga wanne. Abin da ya ɓace a hanya wani maƙeri a ƙauyen Mazanya ya ƙera mini. Kafireta na haɗa ta a juye, ta yi mini wanka da fetur. Baduku ya ɗinka sabon sirdi ja mai tuntaye, na shafa wa tanki kore. Matata ta ce ya yi kama da raƙumin biki. Ranar da ya tashi, kajin unguwa duk suka haye danga.

Na hau shi har Maraɗi don in ƙona wa taubashina rai. Ya zagaya shi, ya duƙa, ya miƙe.

"Bawana, ina ƙarfen da ke ƙarƙashin tsohon sirdin? Mai rami?"

"Yana wurin 'yan duwan, ko a bola. Mi ke ciki?"

Ya dafe kai. "Innalillahi. Shi ke nan." Ya shige gida yana girgiza kafaɗa, ban gane kuka yake ko dariya ba.

A hanyar gida na koma gindin bedin nan ina tona ƙasa da ƙafa ko zan ga ƙarfen, a fakaice, ina waige, don jandarman na zaune yana kallona.