Kwalbar da ta kai ni makaranta

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar mijina, Malam Haruna mai lambu, Allah Ya jiƙansa. Wasu matan in sun tuna miji, muryarsa ce ke faɗo musu. Ni kuwa, a yi mini uzuri, kaska nake tunawa.

Mun zauna shekara da shekaru a boskwatan wani gida a unguwar Nassarawa, inda yake kula da shuke-shuke da karnukan wata likita 'yar Wusasa da muke kira Dakta. Ƙusa biyu ya kafa a bayan ƙofarmu, ɗaya ta rigar salla, ɗaya ta rigar karnuka, kuma ban taɓa ganin ya haɗa su ba. Kowace safiya in ya gama ban ruwa sai ya zauna a kan benci, ya ɗauki 'yan kwikwiyo ɗaya bayan ɗaya. Ya duba cikin kunne, ƙarƙashin wuya, tsakanin yatsu, gindin wutsiya. In ya ga kaska sai ya sa hantsaki ya kama ta daf da fata, ya ja a hankali don kada kanta ya tsinke a ciki, ya jefa ta a gwangwanin kananzir. Daga nan ya ɗaga leɓen ɗan kwikwiyon ya kalli dasashi. In ya yi fari fat, ko fitsari ya yi ja, ko an ƙi abinci, to zazzaɓin kaska ne, sai asibitin dabbobi, ba jira.

Da farar hula suka dawo mulki aka ƙaddamar da Shari'a, mun yi murna kamar kowa. Amma an samu masu sabon tsarki. Direban maƙwabta ya fara ce wa Malam limamin karnuka. Ni ce na leƙa ta katanga na ce masa, “Kai da ba ka san farillan alwala ba, yaushe ka zama alƙali? Je ka tambayi malaminku labarin wanda aka gafarta wa don ya shayar da kare.” Da Malam ya ji sai ya yi dariya ya ce, “Bar shi, Hauwa. Da haushin kifi kaska ke mutuwa.”

A kwanakin nan jita-jitar ɓarkewar rikici ta yi yawa a gari, sai Dakta ta kwashi 'ya'yanta suka tafi Zariya su ɗan jira hankali ya kwanta. Ta bar wa Malam gidan da karyarta da 'yan kwikwiyo shida. Kalma ɗaya ta faɗa masa: amana. Ana haka aka yi masa rasuwa a Ringim, ya tafi kwana biyu. Damina ce, ciyawa ta taso, kaska ta rufe kunnuwan 'yan kwikwiyon kamar an watsa gero. Ni kuma ga ƙyanƙyami, ga rashin haƙurin cirewa ɗaya-ɗaya. Na ɗauko kwalbar maganin wankan shanu da ƙanena ya manta a ɗakinmu, na ce abin da ya kashe kaskar bijimi ai ba zai gagara a jikin ɗan mitsitsin kare ba. Na shafa musu ko ruwa ban sirka ba.

Kafin azahar suna makyarkyata, yawu na zuba. Malam ya shigo ya tarar biyu sun mutu. Bai yi mini tsawa ba, da ma ya yi. Ya wanke sauran da sabulu da ruwa mai yawa, ya zuba su a kwali, ya ɗaure a bayan keke sai asibiti. Huɗun suka rayu.

Da Dakta ta dawo, ya buɗe baki zai ɗauki laifin, alhali aikinsa da ɗakin da muke kwana duk suna kan wannan maganar. Na tare shi. Na ce, “Dakta, ni ce. Ba hannunsa.” Ta juya kwalbar ta nuna mini wani jan rubutu, ta ce an hana shafa wa ƙananan karnuka. Ta ce, “Maman Sadiya, ga shi ƙarara.” Na ce mata ƙarara ne ga mai ido. Ba ta kore mu ba. A makon nan na sa sunana a ajin yaƙi da jahilci a Giginyu, ina da shekara arba'in da ɗaya, ina zaune da sa'o'in 'yata. Wanda ya yi dariya na ce ya dara, gemu ba ya hana ilimi, balle ni da ba ni da shi.

Yau Nassarawa ta sauya. An sare itatuwan da ya yi wa ban ruwa, an yanka filaye, an shimfiɗe tsakar gida da siminti. Da zai dawo, zai yi mamakin samarin da ke yawo da karnukan ƙasar waje suna ɗaukar su hoto a waya, amma ba wanda ya taɓa leƙa kunnen karensa. Zai ce musu kaska ba ta buƙatar daji, tsagar bango ta ishe ta. A liƙe tsaga, a rage ciyawa, a shanya buhun kwanciyar karnuka a rana. Kuma har yau ina jin ana shafa wa ɗan kwikwiyo baƙin mai ko maganin gona. Ku daina! Ku je wurin likitan dabbobi, shi ya san maganin da ya dace da watanninsa da nauyinsa. Rigakafi ya fi magani, amma rigakafin jahili kisa ne. Ni na gwada, na binne biyu.

Malam bai bar mini gida ba, bai bar mini gona ba, kuma ban ji ya rage ni da komai ba. Hantsakin yana nan a cikin kwallata, masu gadin layinmu na zuwa aro. Duk wanda ya zo da kwalba a hannu, sai ya zauna na karanta masa abin da ke jikinta tukuna, tun daga sama har ƙasa. Shi da bai taɓa rubuta sunansa ba, ga shi yau a jarida, da hannun matar da ya ƙi yi wa tsawa. Allah Ya kai haske kabarinsa.