Albarkar Sabi'u da Ta Sauka a Kaina

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar ƙanena Sabi'u, sajan 'yan sanda. Ya bar gidansa da safe a irin wannan lokaci na cirar gyaɗa, kafin la'asar aka kawo mana shi a bayan a-kori-kura, lulluɓe da mayafin wata baiwar Allah da har yau ba mu san ko wace ce ba. Duk shekara, da zarar na ga an fara baza gyaɗa a gefen hanyar Ƙaraye zuwa Rogo, sai in ɗauki biro da niyyar in rubuta wani abu a kansa, sai kuma in ajiye. Bana dai na ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Akwai hakkinsa a wuyana, kuma babu yadda zan ba da labarinsa ba tare da na tona kaina ba.

Mu mutanen Kurugu ne, manoma gaba da baya. Ni ne ɗan fari, na yi koyarwa a firamare har na ajiye aiki, kuma na girmi Sabi'u da shekara shida. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, mutum ne mai tsantseni da kafiya. In ya ce a'a, ko hakimi ne ya zo roƙo sai dai ya sha ruwa ya koma. Yana yaro ya ga 'yan doka sun shanya kakanmu a rana a gaban jama'a, kan laifin da bai taka kara ya karya ba. Da ya girma kuma ya sha ganin abin da direbobi ke miƙawa a dunƙule a shingayen hanya. Sai ya haɗa biyun ya yanke wa kansa hukunci, cewa duk abin da ya fito daga aljihun mai kaki ba zai shiga cikinsa ba.

Da Sabi'u ya kama aiki, ya zo gida da buhun shinkafa da ƙwaryar goro, ya cire takalma ya durƙusa gaban Baba. Baba ya amsa gaisuwarsa sarai, ya tambaye shi hanya da gajiya, sannan ya ce, "Ɗauki kayanka, Sabi'u. Gidan nan gidanku ne, ka zo duk ranar da ka ga dama, amma ka zo hannu rabbana." Bai zage shi ba, bai ɗaga murya ba. Ina zaune a wurin, na ga yadda Sabi'u ya sake saɓa buhun nan ya fita da shi, yana murmushi irin wanda ya fi kuka ciwo.

Da wata ya ƙare sai ga shi a gidana a Ƙaraye, da kaya niƙi-niƙi a bayan babur. Ya ce, "Yaya, kai malami ne, Baba ba ya zargin guminka. Ka kai masa, ka ce kai ka sayo." Na ce ai wannan yaudarar tsoho ce. Ya ce, "Ni dai na san ban taɓa karɓar na kowa ba, Allah kuma Ya sani. Haƙoran Baba sun fara ƙarewa, tuwon dawa safe da yamma ya yi masa nauyi. Ka rufa mini asiri." Ya sa na yi masa alkawarin ba zan faɗa ba.

Haka muka yi har shekara tara. Matarsa Rabi ce ke haɗa kayan, shinkafa da sukari da ganyen shayi da sabulu, da maganin ciwon gwiwa. Goro kuwa Sabi'u ba ya yarda kowa ya zaɓa. Da kansa yake shiga kasuwar Rogo ya tsaya gaban mai goro, yana juya su ɗaya bayan ɗaya har ya ware daushe, wato wanda ya kwana biyu ya yi garɗi, don shi kaɗai Baba ke ci. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci mukan taru a zauren Baba. Baba ba ya kiran sunana saboda alkunyar ɗan fari, Malam yake ce mini. Sai ya ɓara goro ya kai baki, ya ɗaga hannu ya ce, "Allah Ya yi maka albarka, Malam. Yadda ka ciyar da ni, Allah Ya ba ka masu ciyar da kai." Sabi'u yana gefen tabarma, amin ɗinsa ya fi na kowa ƙarfi. Daga nan Baba zai juya ya dube shi ya ce, "Kai kuma Allah Ya shirye ka." Shi ma sai ya ce amin, yana dariya.

Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi. Ni ne gardin. Da farko abin yana damuna, har nakan kasa haɗa ido da shi. A hankali sai na saba. Bari ma in faɗi gaskiya tunda yau ranarta ce, daɗi na koma ji. Addu'ar uba tana da zaƙi, kuma dangi duk sun ɗauke ni ɗa na gari mai kula da tsohonsa. Ban taɓa tambayar Sabi'u yadda yake ji ba in muka fito daga zauren nan, ya hau babur ɗinsa ya nufi Rogo shi kaɗai.

Labarin ranar da ya rasu, abokin aikinsa Kofur Bitrus ne ya ba mu, don tare suka tafi. An aiko caji ofis cewa shanu sun faɗa gonar gyaɗa a wani ƙauye a yankin Ruwan Bago, matasa sun fito da gora da sanduna, ɓangare biyu sun ja daga. Motar aiki tana wani wuri, sai suka hau babur su biyu. Da suka isa, suka tarar mai unguwar ƙauyen, dattijo ne tukuf, yana zaune a kan kututture tsakanin ɓangarorin biyu, yana ta ba da haƙuri babu mai sauraronsa. Bitrus ya ce shi da ya ga yadda idanun mutane suka yi, ya so su tsaya daga nesa su kira ƙarin ma'aikata. Sabi'u ya ce masa, "Waɗannan mutanena ne, na san yadda ake shiga cikinsu. In aka ga mun girmama tsohon nan, kowa zai ji kunya ya sauke sanda."

Sai ya ratsa tsakiyar taron. Ya cire hular kwanon da ke kansa, don a wurinmu ba a gaida babba fuska a rufe. Ya tuɓe takalman aiki, ya durƙusa gaban mai unguwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, barka da rana, yaya aka ji da jama'a?" Bitrus ya rantse mana cewa wurin ya fara yin tsit, wasu har sun saki sandunansu ƙasa. A daidai lokacin wani daga can baya, da bai ga abin da ke faruwa a gaba ba, ya wurgo gora da nufin wani. Ta sauka a ƙeyar Sabi'u yana durƙushe. Faɗan ya mutu nan take, waɗanda suke shirin kashe juna su ne suka haɗu suka ɗauke shi. Bai kai asibiti ba.

Da Bitrus ya gama bayani a zaure, Baba ya ɗago kai ya dube shi. Sai ya ce, "Ya cire takalma?" Aka ce ya cire. "Ya durƙusa?" Aka ce ya durƙusa. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ni na koya masa." Ban taɓa ganin hawayen Baba ba sai ranar, kuma ko a rasuwar mahaifiyarmu bai bari mun gani ba.

An zo gaisuwa, ba zan yi butulci ba. Abokan aikinsa sun zo a jere, mai unguwar nan ya sa an kawo shi a amalanke duk da tsufansa. Amma ko sadakar bakwai ba a yi ba na shiga motar haya zuwa Kano, na ji fasinjoji suna hirar abin. Wani mai babbar riga ya ce, "Ai ɗan sanda ne, wa ya san abin da ya kai shi? Banza ba ta kai zomo kasuwa." Aka yi dariya. Ina zaune a bayansa, gwiwata tana taɓa kujerarsa, ban buɗe baki ba. Da wane bakin zan yi masa faɗa, ni da na shekara tara ina amsa godiyar da ba tawa ba?

Wata na zagayowa na haɗa wa Baba kaya da kaina. Na sayi goro jajaye masu sheƙi, ina ganin na yi gwaninta. Baba ya ɓara ɗaya ya tauna, ya yatsine fuska, ya ce, "Malam, shekara tara kana kawo mini daushe, yau kuma ka manta irin goron da nake ci?" Ya tsura mini ido. Mu biyu ne kaɗai a zauren, kuma wanda na yi wa alkawari yana kabari. Maganar ta zo har bakina. Sai na ji kaina ina cewa, "Kasuwar ce ta canja, Baba." Ya ci gaba da kallona na ɗan lokaci, sannan ya ajiye goron a gefen buzu ya ɗauki carbinsa.

Na yi ta ba kaina hujja. Na ce alkawari kaya ne. Na ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Na ce in tsohon nan ya ji cewa ɗan da ya hana wa godiya shi ne mai ciyar da shi, baƙin ciki zai ƙarasa shi. Duk akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma a ƙarƙashinsu akwai tsoro, tsoron kada Baba ya dube ni ya ga ɗan da ya zauna ana zuba masa albarkar ƙanensa bai ce uffan ba.

Nakan tambayi kaina me Sabi'u zai ce da ya ga yau. Yanzu kowa da waya a hannu, ɗan sanda na yin kuskure kafin ya koma ofis duniya ta gani, kuma wasu sun cancanci tonon, don ni ma an taɓa tsare ni a hanya ba gaira ba dalili. Na san Sabi'u ba zai kare mai laifi ba, shi ne ma ya fi kowa jin haushinsu, yakan ce wake ɗaya ke ɓata gari. Sai dai babu mai ɗaukar hoton waɗanda ke hawa babur su biyu su nufi daji, saboda wani daga Rogo Ruma ya bugo waya ya ce an ga baƙin fuskoki a bayan gari. Matansu kan bi su da kallo har su ɓace, kamar yadda Rabi ta saba yi. Sabi'u yana da wata magana da yake tsokanata da ita: "Yaya, mu kamar maganin zazzaɓi muke, ba a neman mu sai jiki ya yi zafi, kuma ana sha ana ɓata rai." Kwanan baya, ranar kasuwa a Ƙaraye, na ga wata mai fura ta tsallaka titi ta miƙa wa wani ɗan sanda ruwa a moɗa, shi kuwa tun hantsi yake tsaye yana raba motoci. Ya karɓa da hannu biyu, yana waige-waige kamar bai yarda shi ake nufi ba. Na tsaya a wurin na kasa tafiya, har mai babur ɗin da ya ɗauko ni ya tambaye ni ko lafiya.

Baba ya ƙara shekara huɗu bayan Sabi'u. A ciwonsa na ajali, wata rana da hantsi, ya sa aka kira ni. Ya riƙe hannuna ya yi mini doguwar addu'a, ya ce na ɗauke masa nauyin tsufa, bai nemi komai ya rasa ba. Sannan ya ce, "Sabi'u kuwa, yaro ne mai ladabi, aikin ne dai ban so ba. Na yafe masa duniya da lahira." Rabi tana bakin ƙofa da kwanon kunu a hannu. Ta dube ni, na sunkuyar da kai, na ce amin. Kwana uku bayan nan Baba ya cika. Rabi ba ta taɓa tayar mini da maganar ba, sai bana da na je neman izininta kafin in rubuta wannan. Ta ce, "Yaya Malam, rubuta. Yaransa sun girma, ya kamata su san ubansu."

To me ya rage na Sabi'u? Babu titi da sunansa, babu allo a jikin wani bango. Akwai 'ya'ya uku da suka tashi da ladabinsa, akwai wani ƙauye da aka kusa zubar da jini a gonar gyaɗa ba a zubar ba sai nasa. Na kai damuwata wurin wani malami, ya ce mini addu'a ba ta ɓatan hanya, Wanda ake roƙo Ya san hannun da ya ciyar, ko da mai roƙon ya ambaci wani. Na yarda da haka, kuma shi ke sa ni iya barci. Abin da malamin bai iya warkar mini ba shi ne, Sabi'u mutum ne mai kunne, ya zauna a gefen tabarma Juma'a bayan Juma'a yana jiran kalma ɗaya daga bakin ubansa, kuma ni nake zaune tsakaninsa da ita. Da-na-sani ƙeya ce.

Mai karatu, in akwai wani mai kaki da ya taɓa tsaya maka tsakani da Allah, ka neme shi ka faɗa masa tun yana ji. In kuma ka idar da sallah ka tuna da wannan rubutu, ka sa Sabi'u ɗan Kurugu a addu'arka, ka ambaci sunansa sarai. Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya haɗa shi da Baba a inda babu abin da ke ɓoye. A can Baba zai ji komai, kuma ba daga bakina ba.