Filas ɗin Istifanus yana hannun Ɗan Dako

Yau shekara shida ke nan da mutuwar Istifanus. Da safe ne, yana saukowa daga bene a gidan da muke haya a unguwar Concourse Village, nan ƙasar Turawa, zai tafi aiki. Ya zauna a kan matakala kamar mai ɗaure takalmi, bai sake tashi ba. Likita ya ce zuciya ce. Ina bakin titin Canal Street ina baje kaya aka kira ni.

Ba ɗan'uwana ba ne. Ni mutumin Maraɗi ne, Musulmi. Shi mutumin Numan ne, Kirista. Hausa da tsadar haya suka haɗa mu ɗaki ɗaya, muka daɗe a ciki. Yana ce mini Alhaji Kwabo, wai ko gaisuwa sai na yi cinikinta. Ina ce masa Fasto, ko da yake a cocinsu kujeru kawai yake jerawa. Ni huluna da safar hannu da tabarau nake sayarwa a bakin titi. Shi tsofaffi yake kula da su a gidajensu: wanka, ba da magani, ɗaga wanda ba ya iya tashi.

Rediyo ne ya sa na ɗauko zancensa bana. Mai kantin da nake baje kaya a ƙofarsa ba ya kashe tashar wasanni. Makon nan gardama ɗaya suke yi: ko wata ƙungiyar hoki ta garin nan ta rabu da wani ɗan wasanta kafin a rufe kasuwar musayar 'yan wasa. Sunansa ban taɓa iya faɗa daidai ba. A ɗakinmu Ɗan Dako muke kiransa, Istifanus ne ya raɗa masa.

Ga wanda bai sani ba, hoki a kan ƙanƙara ake yinsa. Mutane ne da takalma masu wuƙa a ƙasa, da sanduna, suna bin wani baƙin faifan roba mai tauri kamar dutse, kowa na so ya jefa shi raga. 'Yan gaba layi-layi suke shiga. Layin farko su ne masu suna, su ake sayen rigunansu. Layi na huɗu su ne na ƙarshe, suna shiga ne don manya su huta. Ɗan Dako ɗan layi na huɗu ne. Sai ya yi wata biyu bai ci ko ɗaya ba. Amma in an kori mutuminsu waje, aka bar huɗu suna fuskantar biyar, shi ake turawa. In abokin hamayya ya ɗaga sanda zai buga, kowa na kaucewa, shi kwantawa yake a gaban faifan.

A wurin aiki Istifanus ya koyi wasan. Akwai wani tsohon Bature da ya yi jinya shekaru, wanda ba ya gane 'ya'yansa amma yana gane ƙungiyarsa. Kullum sai an zaunar da shi gaban talabijin. Tsohon yana kallon masu ci, Istifanus kuma idonsa ya tsaya kan wanda ake bugawa jikin katangar filin wasan. Daga nan ya kwaso abin ya kawo mana ɗaki. Na ce masa mutumin da bai taɓa ganin ƙanƙara ba sai a cikin ruwan sanyi, ina shi ina wannan? Ya ce in zauna in gani. Na zauna, don ɗakin ɗaya ne kuma ba ni da wurin zuwa.

Gardamar da rediyo ke yi yau, mu mun riga su. Kowace shekara in lokacin musaya ya zo sai mun yi ta.

"Fasto, kayan da ba sa tafiya ba a barinsu a tebur. A sallame shi."

"Alhaji Kwabo, tebur ɗin naka a kan me yake tsaye? Ka taɓa ganin mai saye ya yaba ƙafar tebur?"

"Ƙafar tebur ba ta karɓar albashi."

"To, cire ta gobe mu gani."

Haka muke yi har tuwo ya huce. Ba wanda ya taɓa sauka daga ra'ayinsa.

Wata shekara, tsakiyar sanyi, faifan ya sami Ɗan Dako a fuska. Muna kallo. Jini a kan ƙanƙara ja ne ƙwarai. Ya tashi da kansa, ya fita yana riƙe da haɓa, ko waiwaye bai yi ba. Aka ce muƙamuƙi ya karye, haƙora sun zube, an ɗaure bakin da waya, ba zai tauna komai ba sai an kwance. Bayan 'yan kwanaki na tashi na tarar da Istifanus yana niƙa gyaɗa.

"Wa ya haihu?"

"Dubiya za mu."

"Wa ke kwance?"

"Ɗan Dako mana. Mutum ya karye a gabanmu, mu yi kamar ba mu gani ba? A garinku haka ake yi?"

Na ce masa mutumin nan albashinsa na mako ɗaya ya fi abin da mu biyu muke samu a shekara, yana da likitoci da masu dafa masa. Ya ce duk da haka bakin a ɗaure yake, kuma mai ɗaurarren baki kunu yake sha. Ya dama kunun gyaɗa irin na mutanen Adamawa, ya tace shi sau biyu don ya bi ta tsinken shan lemo. Sannan ya ɗauko filas ɗinsa. Jan filas ne mai furanni, matarsa Ladi ta sa masa a akwati ranar da zai baro Numan. Ladi ba ta taɓa samun takardar zuwa ba, shi kuma bai taɓa samun ta komawa ba. Ko ni ba ya bari in taɓa filas ɗin.

Na rufe tebur na bi shi. Har yau ban san dalili ba. Muka shiga jirgin ƙasa, muka sauka, muka hau bas zuwa inda ƙungiyar ke atisaye a bayan gari. A bakin ƙofar da motocin 'yan wasa ke fita akwai mutane da riguna da alƙaluma suna jiran sa hannu. Mu kaɗai ne da filas. Mai gadi ya ce ba a karɓar abinci daga hannun jama'a. Istifanus ya ce ai ba abinci ba ne, gaisuwa ce. Mai gadin ya ce ko me ne ba a karɓa. Muka koma gefe muka tsaya, sanyi na cin kunnuwana.

Motoci suka yi ta fita, mutane suka watse. Can sai ga wata mota a hankali, Ɗan Dako a ciki, fuska kumbure. Istifanus ya ɗaga filas sama da hannu biyu. Motar ta tsaya, gilashi ya sauka. Turancin Istifanus ya fi nawa, amma ranar ya gudu ya bar shi. Da Hausa ya fara: "Sannu. Ya jikin? Allah ya ƙara sauƙi." Sannan ya nuna bakinsa, ya nuna filas, ya ce da Turanci gyaɗa ce da shinkafa, ba sai an tauna ba. Mutumin ya dube mu ya daɗe. Ba ya iya magana. Ya miƙo hannu ya karɓa, ya ajiye a kujerar gefe, har ya ja bel ya ɗaure shi kada ya faɗi. Ya dafa ƙirji, ya tafi.

A bas na ce, "Fasto, filas ɗin Ladi fa?"

"Zai dawo da shi. Ko'ina a duniya in an kai wa mutum kwano yana mayarwa."

"Ina zai same ka? Ka ba shi adireshi?"

Bai yi tunanin wannan ba. A Numan mai jinya ya san gidan kowa. Da muka kusa sauka ya yi dariya ya ce, "Ba komai. Muddin kwanonmu na gidansa, muna da mutum a garin nan."

Ban sani ba ko an sha kunun ko an zubar. Istifanus bai taɓa shakka ba. Da Ɗan Dako ya dawo wasa da kejin ƙarfe mai kare fuska, ya ce in duba ƙafafunsa, ƙarfin gyaɗa ne. Daga ranar ya daina cewa "ƙungiyarsu", ya koma cewa "yaronmu".

Tsohon Baturen ya mutu shekarar da ta biyo. 'Ya'yansa suka zo daga wasu garuruwa, suka gode wa Istifanus a bakin ƙofa, suka karɓi makulli. Ba su yi masa laifi ba, aiki ne ya ƙare. Kamfani ya tura shi wani gida, sai wani, sai wani. Bayansa ya fara ciwo, yana ɓoyewa don kada a ce ba ya iya ɗaga mutum. A lokacin ne ya daina wasa da gardamarmu. In na ce a sallami Ɗan Dako sai ya ce, "Bari dai, Alhaji," ya ƙara ƙarar talabijin. Ni ma na bari.

Ranar jana'iza 'yan cocinsu sun zo, da mu uku daga masallaci. Gidajen da ya yi wa aiki ba wanda ya zo. Ba na jin sun ji labari.

Yanzu ni kaɗai ne a ɗakin. Na gwada zama da mutum biyu bayansa, ba mu daidaita ba. In ana wasa ina kunna talabijin in rage murya. Har yau ban gane duk dokokin ba. Lambar rigar Ɗan Dako kawai nake nema, in na ga ya shigo sai in ajiye cokali.

Masu rediyo sun ce ya tsufa, ƙafarsa ta yi nauyi, akwai yara masu sauri da ke jiran wurinsa. Sun ce in aka bari ya ƙara shekara ba mai karɓarsa ko kyauta. Abin da za a ba ƙungiyar a madadinsa ba ma mutum ba ne, damar zaɓen wani yaro ne nan gaba, yaron da ba a san ko wane ne ba tukuna. Wani ya bugo waya ya ce irinsa ana samun goma a kowane lungu. Ni ɗan kasuwa ne, na san lissafinsu daidai ne. Maganata ce suke faɗa, kalma da kalma. Da Istifanus na nan da ya ce musu su ƙirga tabon da ke jikin mutumin, su gaya masa a jikin wa zai koma in ya tafi. Da na ce masa tabo ba ya cin wasa. Na jira in ji wani ya bugo ya faɗi irin tasa, ba wanda ya faɗa yadda zai faɗa.

Ladi takan kira ni duk shekara a irin wannan mako. Bana ta tambaye ni filas. Ta ce a cikin kayan da aka aika mata ba ta gan shi ba, ta daɗe tana son tambaya. Na gaya mata inda yake. Ta ce, "Halinsa ke nan, Malam Sule. In zai yiwu ka karɓo mini." Na ce zan gwada, don in aka mayar da mutumin wani gari shi ke nan.

Shekaranjiya na rufe tebur na tafi. Jirgin nan, bas ɗin nan, ƙofar nan, mai gadi dai wani ne. A hanya na haɗa Turancin da zan yi, na yi ta maimaitawa. Ɗan Dako ya fito a ƙarshe kamar wancan karon. Gemunsa ya yi furfura, in ya yi murmushi gaba babu haƙora. Ya sauke gilashi. Bai gane ni ba, kuma ba dalilin da zai sa ya gane ni. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Kunu." Ya yi murmushi, ya ɗauka sunana ne. Ya zare hular da ke hannuna, sabuwa fil daga cikin kayana, ya sa mata hannu da baƙin alƙalami, ya ce ya gode da zuwana.

Ina da lokacin da zan yi tambayar. Motar ba ta tashi nan take ba. Ban yi ba. Wataƙila filas ɗin ya daɗe a bola. Wataƙila yana can saman kabad a kicin ɗinsa. In na tambaya ya ce bai tuna ba, an gama. In ya ɗauko ya ba ni, an gama. Na dafa ƙirji, ya dafa nasa, ya wuce. Ladi na gaya mata gaskiya. Ta ce, "Kai ma ya shafa maka halinsa."

Ra'ayina, in masu ƙungiyar na karanta Hausa: kada su rabu da shi. Ba ni da hujjar da za ta tsaya a rediyo. Mai kwanciya a gaban faifai ba ya nuna a lissafi sai ranar da babu shi, wannan maganar Istifanus ce, ni aronta na yi. Tawa ita ce, a duk garin nan mutum ɗaya ya rage da kwanon ɗakinmu ke gidansa.

Ba a rufe kasuwar musayar ba tukuna. Duk yadda ta kaya, ran Lahadi zan je kabarin Istifanus in gaya masa. Yana maƙabarta a New Jersey, layin ƙarshe kusa da shinge, inda ƙarar manyan motoci ba ta yankewa. Ni ina Canal Street, ƙofar kantin mai rediyo. Hular tana ƙarƙashin tebur, ba ta sayarwa ba ce.