Takardar da Na Kai Ƙofar Ran

Ina ɗan shekara tara aka aike ni da takardar sakin mahaifiyata. Ni na kai da hannuna, har ina tsalle a hanya.

Kwana huɗu ke nan da Umma ta yi yaji zuwa gidansu a Ƙofar Ran, bayan Baba ya fasa mata leɓe da murfin tukunya, wai gishiri ya yi yawa a miya. Mu a Ɗan Iya muke zaune. Ran Asabar da safe Baba ya kira ni, ya miƙo min takarda a ninke, ya ce, "Kai wa uwarka. Kada ka ba kowa sai ita." Ni kuwa wawa, na ɗauka biko ne. Na sa ta a aljihun gaba, na dafe da hannu kada ta faɗi, ina ta murnar yau za mu ci tuwon Umma.

Na same ta a tsakar gida tana tankaɗe. "Umma, Baba ya ce ki dawo!" na ce, alhali bai faɗi haka ba. Ta goge hannu a zani, ta buɗe, ta karanta. Ban ga zuwan marin ba, kawai na ji kunnena ya ɗauki ƙara, na faɗa kan turmi, girata ta fashe. Ta ɗago ni tana duka tana kuka: "Har da kai? Har da kai?" Da ƙyar kakata ta ɓamɓare ni daga hannunta. Tabon yana nan har yau.

Washegari kawunnaina suka zo kwashe kayan ɗaki. Baba ya tare ƙofa, babban kawu ya shaƙe shi, suka yi ta kokawa har madubin Umma ya tarwatse. Ina rakuɓe a zaure, duk wanda ya wuce da kaya sai ya harare ni, kamar ni na rubuta.

A hannun Baba na tashi. Umma ta sake aure. In na je gaishe ta da Sallah, aljihuna take fara duba kafin fuskata, kuma wannan kallon ya fi marin ciwo. Na zama mafaɗaci na ƙarshe. A makaranta wani ya kira ni ɗan aiken saki, na cire masa haƙori da dutse, aka kore ni. Wallahi ko a jikina. Baba ya zane ni da bel a gida, ni in fita in huce a kan 'ya'yan mutane. Duk da haka na sha rantsuwa cewa ba zan zama irinsa ba.

To, bara matata ta yi yaji zuwa gidan iyayenta a Miri. Ba zan ɓoye ba, kofin shayi na jefe ta da shi, ya same ta a kafaɗa. Kwana uku ina kiran wayarta, ta ƙi ɗauka. Zuciya ta ɗebe ni, na yago takarda daga littafin makarantar ɗana, na rubuta saki ɗaya. Kunyar haɗa ido da surukina ta hana ni kaiwa. Sai kawai na ƙwala wa yaron kira, ɗan shekara takwas, na ninke na miƙa masa, na ce zan ɗora shi a babur ya kai wa uwarsa.

Ya karɓa da hannu biyu, ya sa a aljihu, ya dafe.

"Abba, Mama za ta dawo yau?"

Innalillahi! Na fizge takardar da ƙarfi har aljihun ya yage. Yaron ya kare kansa da hannuwa, ya ɗauka duka ne zai biyo baya. Na tsani kaina a lokacin nan.

Yagawa ba ta da amfani, tunda na rubuta, saki ya faɗa. Na hau babur ni kaɗai zuwa Miri, na durƙusa gaban surukina, na faɗi sakin da bakina, na roƙi kome, wato ta dawo ɗakinta. Ya ce sai abin da 'yarsa ta ce. Ita kuwa daga bayan labule ta ce za ta yi tunani.

Da na dawo na tarar da yaron a ƙofar gida, riƙe da yagaggen aljihunsa.

"Abba, don ban kai ba ne ba ta zo ba?"

Na tsuguna a gabansa, na ce, "Ba laifinka ba ne. Nawa ne." Shekara talatin ina jiran wani ya faɗa min haka.