Ramin Kifin Ja'afaru

Ja'afaru masunci ne a Auyo, kuma tun yarinta idonsa na kan ƙanensa Tukur. Shekarar da naira ta fito, da ruwan fadama ya fara janyewa, Tukur ya haƙa rami mai faɗi ya tara karfasa saboda rani. Duk mai wucewa sai ya tsaya ya yaba. Abin ya tsaya wa Ja'afaru a rai.

Shi ma ya haƙa nasa. Ramin bai kai rabin na Tukur ba, amma ya cika shi da karfasa, ya ƙara da giwan ruwa biyu don a zo kallo.

"Yaya, giwan ruwa ba ya zama da karfasa a ƙaramin rami," in ji Tukur. "Cinye su zai yi."

"Kai za ka koya mini kifi? Wa ya koya maka riƙe komar kamun kifi?"

Bayan wata guda Saude matar Ja'afaru ta leƙa ramin. "Maigida, ina karfasar?"

Giwan nan biyu kaɗai suka rage, sun yi ɓul-ɓul. Ranin nan kaf, kifin miyar gidansa daga ramin Tukur ya fito. Ja'afaru yakan suɗe kwano tas, sannan ya ce, "Karfasar Tukur dai ƙaya ce zalla."