Ruwan da Ya Zo Mana Rana Tana Tsaka

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Kano a bas ɗin makaranta, ni da wata malama abokiyar aikina da 'yan mata goma sha shida 'yan aji biyar na sakandare. Ga wanda bai san sana'ata ba, ni malamar ilimin muhalli ce, sai dai ajina ba shi da allo. Daji nake kai yara su taɓa ƙasa da hannunsu, su san bishiya ido da ido kafin su haɗu da sunanta a jarrabawa. Wannan karon Ƙaraye da Rogo muka nufa, damina ta yi tsakiya.

Muna barin gari duniya ta koma kore shar. Masara ta yi goyo, gyaɗa ta rufe ƙasa ruf, dawa ta fi mutum tsawo. Wata daga cikin yaran ta nuna gonar dawa ta ce kai, raken nan ya yi kyau. Direbanmu ya yi dariya har ya faɗa ramin da yake ta kauce wa. A bakin hanya muka karya da koko da ƙosai, ƙosan da in a Kano ne sai an ninka kuɗin kafin a ba ka rabinsa.

Da hantsi muka isa madatsar ruwan Challawa. Yaran suka sauko suka zuba ido. Ruwa ne iya ganin ido, kwance kamar an shimfiɗa sama a ƙasa, masunta can nesa a kwale-kwale sun zama ɗige-ɗige. Balbelu sun yi wa wata bishiya fari fat, ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya, ko kallonmu bai yi ba. Na zo wurin nan ya fi sau goma, amma har yau sai na yi tasbihi. Na sa aka ɗebo ruwa a gora muka ajiye. Can jan laka ya kwanta a gindinta. Na ce musu wannan lakar gonar wani ce ruwa ya kwaso, yanzu kuma za mu je mu ga inda ake kwasowa.

Muka ratsa ƙauyuka muka miƙi hanyar Rogo, har inda mota ta ce iyakarta ke nan. Sauran muka taka a ƙasa. Wani dattijo mai gona a bakin wani rafin yashi ya tarbe mu, dama an sanar da shi zuwanmu. Muka gaisa, ya tambayi hanya da gida da mutanen Kano, sannan ya kai mu bakin rafin. Zurfinsa ya fi tsayin mutum biyu. Ya ce yana saurayi tsallake shi yake yi. A gefen gonarsa ya dasa ciyawar jema da gamba layi-layi, ɗaya gefen kuwa babu komai, sai saiwoyin wata ɗorawa suna reto a fili.

Muka gangara ta inda shanu ke sauka. Yashi a bushe, rana tana tsaka, ba ko ɗigon gajimare a kanmu. Bangon rafin kuwa littafi ne buɗe: baƙar ƙasa a sama ba ta fi taƙi ɗaya ba, sai ja, sai tsakuwa. Ina cikin nuna musu cewa wannan 'yar baƙar ita ke ciyar da mu duka, sai na ji muryar dattijon daga sama.

"Malama, fito da yaran nan."

Na ce, "To Baba, saura kaɗan mu gama."

"Ba za ki gama ba. An yi ruwa a sama wajen Rogo, yana hanya. Ku hawo yanzu."

Na duba ƙasa. Wani siririn ruwa mai kumfa yana bin yashi, ya riga ya taɓa takalmina. Muka kora yaran suka hau. Na ƙirga kawuna, goma sha biyar. Na sake ƙirgawa, goma sha biyar. Abokiyar aikina ta tare sauran, ni kuma na koma da gudu. Bayan kwanar rafin na sami yarinyar da ta rage, ta tsuguna tana tsintar duwatsu masu ƙyalli tana zubawa a hijabi. Ruwa ya kai mana idon sawu, kuma na fara jin wani rugugi kamar tirela tana tahowa. Komawa mashigar shanu ya yi nisa. Dattijon ya biyo mu ta sama, ya kwanta rubda ciki, ya miƙo ƙotar fartanyarsa. Na tura yarinyar ta kama, ya ja ta. Ni kuma na damƙi tushen jema na hau. Takalminta ɗaya ya tafi.

Ba mu gama sauke numfashi ba ruwan ya iso. Jajawur, bango guda, ɗauke da kututture da kara da rassa. Inda muka tsaya ɗazu ya shafe kamar ba a taɓa yin yashi a wurin ba. Muna kallo gaɓar can ta tsage ta rufta da kunya uku na gyaɗar wani bawan Allah. Gefen da aka dasa jema ko gezau. Rana kuwa tana nan tana haska mu. Wata a bayana tana ta maimaita Subhanallahi a hankali.

Na tambaye shi yadda ya sani. Ya ce iska ce ta juya ta zo da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, sannan ya ji amon a tafin ƙafarsa. Ya faɗe shi kamar mai ba da labarin kasuwa.

A gidansa muka yi sallah. Iyalinsa suka cika mana gaba da dafaffiyar masara da fura, aka ba mai duwatsu silifas wanda ya yi mata yawa, tana tafe yana tafa mata.

Ana kiran magariba muka shigo Kano, goma sha shida cif. Washegari na je na faɗa wa shugabar makarantar da mahaifiyar yarinyar abin da ya faru, ban rage komai ba, domin ni na gangara da su. Shekaru ina koyar da cewa ruwan da ya sauka a wani gari yana iya cin wani, amma a takarda na san shi. Na kuma gane cewa kallon saman da ke kaina bai isa ba. Daga yau duk dajin da zan shiga da 'ya'yan mutane, sai na fara zama gaban mai wurin na yi ɗaliba tukuna. In ya ce fito, ba zan ƙara cewa saura kaɗan ba.