Kawu Sale da Kunkurun da Ya Ƙi Mutuwa

Abin da na fara gani ranar da aka kawo ni gidan Kawu Sale a unguwar Treichville ƙayar kifi ce. An shanya ta reras a igiyar wanki, daga babba zuwa ƙarama, tsakanin zanen matarsa Tanti Mairo da singiletin maƙwabta. Daga unguwarmu Williamsville aka kawo ni, don makarantar da na samu ta fi kusa da su. Na tsaya rungume da jakata ina kallo, na kasa tambaya. Ku da kuka san ni kun san ko ruwa ba na iya roƙa a gidan mutane.

"Uwata, kin iso?" in ji shi daga kan keken ɗinki, don sunan mahaifiyarsa gare ni. "Kar ki taɓa, ba su bushe ba."

Kawu yayan mahaifiyata ne, tela, kuma da idon tela yake kallon halittar Allah. A wurinsa dabbobi gida biyu ne: masu ƙashin baya da marasa shi. Masu shi kuwa, cewa yake yanka ɗaya aka yi musu, ɗinkin ne ya bambanta. Sai ya jera fiffiken kaza da ƙafar gaban ragon layya da fiffiken wani jemage da ya tsinto matacce, ya miƙa nasa hannun kusa da su. "Duba nan! Ƙashi ɗaya a sama, biyu a ƙasa, sai ƙanana. Jemage ma yatsu biyar gare shi, ja aka yi musu aka ɗinka masa lema."

Saboda haka ba a tauna ƙashi a gidan. Wata rana Alhaji Buba, babban ɗan kasuwar nan da ke shigo da kaya, ya zo karɓar rigarsa, aka kawo masa acheke, wato dambun rogo, da zakara. Ana cikin hira sai muka ji ƙwas!

"Alhaji, wane wuri ne wannan?"

"Wuya ne, Malam Sale."

"Subhanallahi! Tun yaushe nake jiran wuyan zakara! Tofo shi."

Wallahi sai da Alhaji ya tofo a tafin hannun Kawu. Tanti Mairo ta rufe fuska da gyale ta shige ɗaki. Alhaji bai sake cin abinci a gidan ba, amma duk bayan sallah yakan aiko da ƙasusuwa a leda tare da gaisuwa.

Ni ce na jawo maganar kunkuru. Kawu ya ajiye shi gida ɗaya da ƙaguwa da dodon koɗi, waɗanda yake cewa sun sa rigarsu a baibai, ƙashi a waje nama a ciki. Ina bitar darasi kusa da kekensa, sai na ji bakina ya ce, a hankali, malamarmu ta ce kunkuru yana da ƙashin baya. Ban taɓa musu da babba ba sai ranar.

Ya tsayar da keke, ya cire tabarau. "Ina yake?"

"A ciki, Kawu. Manne da ƙoƙon."

"Ke kin gani?"

Na nuna masa littafi. Hoton waje kawai aka zana.

"To, ban yarda ba, ban kuma ƙaryata ki ba. Sai na gani da idona."

Washegari ya hau mota zuwa kasuwar Adjamé, ya dawo da kunkuru a kwali. Tanti Mairo ta miƙo masa wuƙa don a gama magana a huta.

"Haba, Mairo! In kashe rai don gardama? Zan jira ya mutu don kansa."

Babu wanda ya gaya wa Kawu irin daɗewar da kunkuru ke yi a duniya.

Ya jira. Yana jira yana ba shi kabeji da ɓawon gwanda, kunkuru sai ƙara sheƙi yake. Kawu yakan kwanta rub da ciki a tsakar gida da tocila, yana leƙen ramin wuyansa. Da ya matso sai kunkuru ya shige ya toshe ƙofa. Har wani asibiti ya kai shi, naɗe da tawul, wurin masu ɗaukar hoton ƙashi.

"Baba, mutane muke ɗauka a nan," in ji ma'aikacin.

"To rubuta sunana. Ni zan kwanta, shi ya hau cikina."

Da girmamawa suka rako shi har bakin titi.

Na gama ƙaramar sakandare, na shiga babba, kunkuru na nan. Sai rikicin siyasa na 2011 ya zo. Kasuwa ta rufe, masu hali suka yi tashar Adjamé neman motar arewa, mu muka zauna a gida muna raba garin rogo da cokali. Wata safiya maƙwabcinmu Tonton Kwasi ya zo ya tsuguna gaban Kawu.

"Tonton Sale, ba ni kunkurun nan. Yara su sha romo, kai ka samu amsarka. Ƙoƙon naka ne, ko tsagewa ba zai yi ba."

Ina wanke-wanke, amma ina kallon hannun Kawu. Yatsunsa na ta murza tef ɗin awo da ke wuyansa. Yana son amsar nan, na rantse yana so. Ya daɗe yana duban kunkurun, sannan ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da kwandon ƙasusuwan ragunan layya da ya yi shekaru yana tarawa.

"Tafasa waɗannan. Wancan baƙona ne."

Aka tafasa. Romon bai da ɗanɗanon komai sai na kafur ɗin da yake ajiye su da shi, amma duk gidan muka sha, har da neman ƙari.

Gari ya lafa ba da daɗewa ba Kawu ya kwanta. Kullum na kai masa kunu sai ya tambaya, "Yana ci?"

"Yana ci, Kawu."

"Ɗan banza. Ya fi ni taurin kai."

Haka ya tafi bai gani ba. Allah ya jiƙan Kawu Sale, ya haskaka makwancinsa, ya saka masa da tausayin da ya yi wa abin da ba ya iya cewa na gode.

Bayan sadakar bakwai manya suka zauna rabon kayan ɗaki, don Tanti Mairo za ta koma wurin danginta. Aka zo kan kunkuru, wani ya ce a ba Kwasi kawai. Na tashi na ratsa tsakiyar mazan nan, na durƙusa gaban mahaifina.

"Baba, don Allah a bar min shi. Ni zan ci gaba da jira."